Bahago da Maƙullin Ɗakin Sanyi

Ƙanin mijina ne, amma a hannuna ya tashi. Lokacin da aka kawo ni gidansu ko wandonsa bai iya ɗaurewa da kyau ba, uwarsu kuma ta riga mu gidan gaskiya. Sunan Bahago a bakin kwano ya samo shi. Da hagu yake kai loma, maigidana kuwa, Allah ya jiƙansa, mutum ne mai saurin hannu. Da zarar ya ga hagun nan ta shiga kwano sai ya make ta da ludayi, ko takalmi, ko duk abin da ya fi kusa da shi. Akwai ranar da ya ɗaure masa hannun ta baya da ɗankwalina, ya ce ya ci da dama ko ya kwana da yunwa. Ya kwana da yunwa. Dukan bai canja komai ba, sai dai ya koya masa cin abinci a bayan ƙofar kicin, inda nake ajiye masa nasa.

Maigidana direban babbar mota ne a tashar lodi. Da ya rasu a hanya, masu tashar suka ba ni aikin shara da goge-goge a ofis don kada mu wulaƙanta. Da wannan tsintsiya aka ƙarasa karatun Bahago. Kwamfuta ya karanta, ya dawo dogo siriri da tabarau, tashar kuma ta ɗauke shi aiki. Sai ya zamana tare muke fita da safe, shi da jakarsa, ni da bokitina. Matar Yaya yake ce mini. In tsokana ta motsa masa sai ya ce ai gadona ya ci, ni matarsa ce, sai dai na yi masa tsufa. Ni kuma in ce wanda na wanke wa kashi ba zai yi mini fankama ba.

Wanda bai san tashar lodi ba ba zai gane abin da ake nufi da layi ba. Mota takan zo ta yi kwana da kwanaki tana jiran a kira ta ta ɗauki kaya. Direba yana kwana a ƙarƙashin motarsa, yana wanka da jarka, iyali na can gida sun zuba ido. A da da alli ake rubuta lambar mota a bango, wani ya zo ya goge ta wani da gwiwar hannu, a wayi gari an fasa kai. Bahago ne ya rubuta manhajar da ta ɗauke wannan aiki. Mota ta shigo, Mai Taga, wato akawun da ke zama a bayan ƙarafunan taga, ya saka lambarta a kwamfuta, ta fito a babban allon da aka kafe a waje. Kowa yana ganin wanda ke gabansa da wanda ke bayansa. Direbobi suka dinga sa masa albarka, har shayi suke aiko masa.

Amma layin ba a allon waje yake zaune ba. Yana cikin wata baƙar na'ura mai tsayin firiji, a wani ɗan ƙaramin ɗaki marar taga da ake sanyayawa dare da rana. Ɗakin sanyi muke ce masa. Mai kula da shi wani dattijo ne marar magana, maƙullin yana rataye a wuyansa cikin riga, shi ya sa kowa ke ce masa Mai Maƙulli. Shi ke buɗe mini in yi shara, ya tsaya a kaina kada jiƙaƙƙen tsumma ya kusanci wayoyi.

Na lura da abu biyu da ba ya fashinsu. A kan teburin ɗakin akwai allon kwamfuta biyu. Ɗaya ya mai da shi ja wur, ɗaya kore. Ya taɓa gaya mini cewa koren na gwaji ne, motocin da ke ciki na ƙarya ne, ko an zubar da su ba wanda ya yi asara. Jan kuwa shi ne layin gaskiya, ba ya taɓa shi sai ya janye hannu ya sake karanta abin da ya rubuta. Na biyun, kullum kafin magariba sai ya ɗauko wani ɗan akwati kamar sabulu, ya jona, ya kwafe layin ranar a ciki, ya kulle a durowa. Ko zazzaɓi yake yi sai ya yi.

Bahago yana ganin girmansa, amma bai ɗauki aikin da daraja ba. Mai gadin firiji yake ce masa. Dattijon sai ya yi murmushi, ya ce ku dai ku yi ta rubutunku, mu ne muke kwana da abin da kuka rubuta.

A wannan shekarar ne zancen satifiket ya taso. Manaja ya ce kamfani zai ɗauki nauyin jarrabawa ɗaya ga Bahago, ya zaɓa. Ya yi mini bayani muna cin abincin rana a kan bencin bayan ofis. Ya ce satifiket biyu ne. Ɗaya na masu rubuta manhaja, wanda ke shaida cewa kai magini ne. Ɗaya na masu kula da na'urori, irin aikin Mai Maƙulli. Da na farkon, in Allah ya yarda, zai iya zama a ɗakinsa da kwamfuta a cinya yana yi wa kamfanonin nesa aiki, ba hayaƙin mota, ba zagin direba. Na tambaye shi na biyun fa. Ya ce na biyun sai ka zauna kusa da na'ura, in ta yi tari kai za a nema. Na ce to ai ba abin tunani a nan. Ya yi dariya ya ce dama ya riga ya sayi littafin na farkon.

Ana nan sai abin Guduma ya faru. Guduma tsohon direba ne, abokin maigidana, sun ci a kwano ɗaya a gidanmu ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba. Ƙato ne, wuyansa da kansa kusan faɗi ɗaya. Motarsa ta kusa kai gaba sai ta lalace, ya fita da ita gareji, da ya dawo na'ura ta jefa shi can ƙarshe. Ya sami Mai Maƙulli ya ce a mayar masa da wurinsa. Dattijon ya ce ba a ba shi maƙulli don ya matsar da kowa ba, ya je wurin Manaja. Manaja kuma ya ce ya je wurin Mai Maƙulli.

A bakin famfo Guduma ya tare Mai Maƙulli, dattijon yana alwalar azahar, ya naɗe hannun riga. Ina wurin ina ɗauraye tsumma. Mari ɗaya ya yi masa a kunne, ƙararsa kamar an fasa taya. Dattijon ya tafi luu, Guduma ya cafko ƙeyarsa ya buga kansa da bakin siminti, ya ɗago ya sake bugawa. Butar ta gangara tana zubar da ruwa. Jini ya fito ta kunne, siriri, ya bi ruwan alwalar zuwa kwata. Akwai maza a wurin sun cika inuwa, ba wanda ya motsa sai da ya gama. Da 'yan sanda suka zo, kowa ya ce yana salla. Ni na faɗi abin da na gani, amma Manaja ya ce ba ya son rigima da direbobi, aka kashe maganar. Ni na wanke simintin. Mai Maƙulli bai sake dawowa ba, kunnen nan kuma ya mutu.

Aka rataya wa Bahago maƙulli, wai na ɗan lokaci. Manaja ya fara lallashinsa ya bar jarrabawar marubuta ya yi ta masu kula da na'ura, a tabbatar masa da kujerar. Ni kuwa duk dare bayan isha'i magana ɗaya nake yi masa: ya yi jarrabawarsa ya fita daga tashar nan. Na ce na wanke jinin mutum ɗaya, ba zan wanke nasa ba. Ya ce in kwantar da hankalina, jarrabawa ta kusa, da ya ci zai ajiye musu maƙullinsu.

Ba da jimawa ba na shiga shara na ga allon nan biyu sun zama baƙi dukansu, da ƙananan rubutu fari. Na tambaye shi ina jan. Ya ce yana sa masa ciwon ido, kuma duk mai rubutun manhaja da baƙin allo yake aiki, shi ai ya san wanne ne wanne. Ɗan akwatin nan ma na ga ƙura ta hau shi. Ya ce abin kunya ne mutum ya riƙa yi da hannu abin da na'ura za ta iya yi da kanta, zai rubuta 'yar manhajar da za ta riƙa kwafewa ko yana barci. Ya fara rubutawa, na ga ya fara. Sai karatun jarrabawa ya sha kansa. Ni ban san nauyin abin ba. Na dai goge ƙurar na mayar da akwatin durowa.

Ranar da abin ya faru tashar ta cika maƙil, don an daɗe ba a yi lodi ba, motoci har bakin titi. Da hantsi ne. Ina goge ƙasa a bayansa a ɗakin sanyi, yana gaya mini cewa ya gano gyaran matsalar Guduma: daga yau motar da ta fita gyara ba za ta rasa wurinta ba. Yana murna, ya ce irin wannan ma ake tambaya a jarrabawa. Zai gwada ne kawai, amma sai ya fara zubar da motocin ƙarya na gwaji ya sa sababbi. Ya yi rubutu da sauri, hagunsa tana gudu a kan madannai kamar ba ta taɓa su. Ya danna. Ya ɗauki kofin shayi.

Tashar lodi ba ta shiru. Ko ta bangon ɗakin sanyi kana jin injin, da oda, da masu talla. Sai na ji hayaniyar mutane ta ɗauke ɗif. Bahago ya tsaya da kofin a bakinsa. Ya dubi allon dama, ya dubi na hagu. Na ga gumi ya tsattsafo a ƙeyarsa a cikin sanyin nan.

Ya ce, "Matar Yaya, rufe ƙofar."

Kafin in sa sakata ihu ya tashi. Allon waje ya zama fayau, ko lamba ɗaya babu. Mutumin da ya yi kwanaki yana jira ya ɗaga kai bai ga motarsa ba, abin da ya fara zuwa masa shi ne an sayar da wurinsa. Akwai 'yar kafa a ƙofar da nake iya hango tsakar ofis da wani yanki na fili. Na ga na gaba suna tayar da mota su tare bakin wurin lodi, na baya suna janyo su daga kan sitiyari. Aka fito da ƙarfen kwance taya, da sandar jak, da sarƙa. Gilasai suka dinga zuba kamar ana zazzage tsakuwa. Wani tsohon direba da ya shiga rabo, aka sauke masa ƙarfe a kafaɗa, na ga hannun ya sauko ya yi lilo. Ya durƙusa, aka bi ta kansa. Manaja ya fice ta ƙofar baya, ya bar takalminsa ɗaya a kan matakala.

Bahago ya jawo durowa, ya jona ɗan akwatin. Ya duba, ya daɗe yana dubawa. Kwafin ƙarshe na yammacin da ya gabaci dukan Mai Maƙulli ne. Motocin da ke ciki sun yi lodi sun tafi tun tuni.

Sai suka ɓalle ƙofar ofis. Mai Taga suka samu, bawan Allah mai 'ya'ya ƙanana, wanda ko ɗakin sanyi bai taɓa shiga ba. Suka jawo shi ta kan tebur, suna tambayarsa wa ya saye shi. Yana rantsuwa suna duka. Wani ya ɗaga kujera ya karya a bayansa. Muryarsa ta koma kamar ta akuyar da aka danne, yana kiran uwarsa, babban mutum da furfura.

Bahago ya miƙe. Na riƙe rigarsa, na ce don girman Allah ya zauna, ƙofar nan ta ƙarfe ce, 'yan sanda za su zo. Na ce ya tuna ni ba ni da kowa. Ya zare sakatar, na ja, ya ja, rigar ta yage ta bar mini aljihu a hannu.

Ya fita ya ce su sake shi, ba wanda ya sayi kowa, shi ne ya goge layin bisa kuskure. Ba su ma bari ya ƙarasa ba. Naushin farko ya fasa tabarau a fuskarsa. Na shiga tsakani, wani ya hankaɗe ni da gwiwar hannu, na faɗa kan bokitina, haƙarƙarina ya daki bakinsa, numfashi ya ƙi fita. Daga ƙasa nake kallon ƙafafu suna shiga cikinsa suna fita.

Guduma ne ya tsayar da su. Ya ture mutane, ya ɗago Bahago da kwalar riga kamar an ɗago jiƙaƙƙen zane. Na ce alhamdulillahi a raina, abokin yayansa ne, ya san shi tun yana tsirara. Ya ja shi zuwa teburin Mai Taga. A ɗaya hannunsa akwai ƙarfen kwance taya.

Ya ce, "Ɗora hannun da ka goge da shi."

Bahago ya dube shi da ido ɗaya, ɗayan ya rufe da jini. A hankali ya ɗora dama a kan teburin.

Guduma ya yi 'yar dariya. Ya ce, "Haba ɗan ƙanina. Ni za ka yi wa wayo? A gabana yayanka yake dukan hagun nan a bakin kwano."

Na yi rarrafe na kama ƙafarsa. Na kira shi da sunan da maigidana ke kiransa, na ce ya dubi marigayi, ya dubi abincin da ya ci a hannuna. Ya ce, "Matar abokina, kau da kai." Ban kau da kai ba. Mutum biyu suka danne hagun. Ya sauke ƙarfen. Ƙarar ba ta da yawa, kamar an taka busasshen kara. Ya sake saukewa. Bahago bai yi ihu ba, bakinsa dai ya buɗe, sai ya sulale ƙarƙashin tebur. Jiniyar 'yan sanda ta zo bayan an gama komai, kamar yadda ta saba.

A wannan karon an sami shaidu, don kowa yana da wanda yake so a kama. Aka ɗaure Guduma. Tsohon direban nan da aka sauke wa ƙarfe a kafaɗa bai ƙara tuƙi ba. Mai Taga ya yi jinya ya warke, amma har yau in aka buga ƙofa da ƙarfi sai ya zabura. Likita ya haɗa hannun Bahago da ƙarafa. Yatsu biyu suka dawo, sauran suka ƙage a lanƙwashe.

Da ya fara zama a gado na kawo masa littafin jarrabawarsa, na ajiye a kan cinyarsa. Na ce yanzu ai magana ta ƙare, Allah ya nuna masa, ya yi ta marubutan ya zauna a gida. Wani abokin karatunsa ma ya zo dubiya, ya ce rubutun manhaja da kai ake yi ba da yatsu ba, in ya sami satifiket ɗin zai sama masa aiki. Bahago ya yi godiya. Littafin ya kwana a inda na ajiye shi, bai buɗe ba.

Ranar da aka sallame shi ya ce in raka shi gidan Mai Maƙulli. Muka same shi a ƙofar gida yana gyara rediyon maƙwabci. Sai ta kunnen dama ake yi masa magana. Bahago ya zauna a ƙasa ta wannan gefen, ya gaya masa komai, har da canja launin allon. Na zaci dattijon zai yi faɗa. Sai ya tambaye shi kawai, ko da ya gama 'yar manhajar kwafin, ya taɓa tunanin gwada dawo da layin daga cikinta? Bahago ya ce a'a. Dattijon ya ce to daga nan za su fara.

A hanyar dawowa na yi masa faɗan da ban taɓa yi masa ba, a kan titi, mutane suna kallo. Na ce ashe dukan bai ishe shi ba. Na ce maƙullin nan ya ci kunne ya ci hannu, saura wuya. Ya bari sai da na gaji.

Ya ce, "Matar Yaya, in na tafi wani za su ba. Wani mai saurin hannu irina, wanda ja ke sa wa ciwon ido. Ni na ji abin da ke biyo bayan dannawar nan. Shi bai ji ba."

Na ce wannan ba dalili ba ne, taurin kai ne irin na gidansu. Har yau ban janye ba.

Ya yi jarrabawar masu kula da na'ura, da hannu ɗaya da yatsu biyu. Karon farko lokaci ya ƙure masa. Ya sake, ya ci. Satifiket ɗin yana jikin bangon ɗakin sanyi, ni nake goge gilashinsa. Allon ya koma ja, har ya fi na da. Na'ura tana kwafe layin da kanta yanzu, amma duk da haka kafin magariba sai ya zauna ya dawo da shi a kan koren allo ya gani da idonsa. Ya kuma shirya abin ta yadda ko shi ba zai iya matsar da mota ba sai Manaja da shugaban direbobi sun sa tasu kalmar sirri. Ya sa an rubuta haka da manyan baƙaƙe a ƙofar ofis. Ban sani ba ko mai ƙarfe a hannu yana tsayawa karatu. Ana cewa Guduma ya kusa fitowa. Kullum in na idar da salla ina roƙon Allah ya sa ya nemi wata tashar.

Littafin marubutan yana nan a ƙarƙashin gadonsa, ban jefar ba, shi ma bai ce in jefar ba. Wani lokaci in aiki ya lafa nakan gan shi yana ɗan rubuta wani abu nasa, a hankali, yana neman haruffa da dama kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa.

Jiya da rana muna kan bencin bayan ofis, na zuba masa abinci. Maƙullin yana leƙowa ta wuyan rigarsa. Ya ajiye hagun a kan cinya, ya sa dama a kwano, loma tana zubewa kafin ta kai baki. Ya ga ina kallo, ya ce da Yaya yana nan da ya ga abin da ya daɗe yana nema. Ya yi dariya. Ni na tashi na ce bari in ɗebo ruwa.